Buɗe take ko rufe? Abin da kan tukunyar gas ke ɓoye wa ido

A 'yan shekarun nan tukunyar gas ta shiga gidaje da dama a Daura, musamman na ma'aikata da 'yan kasuwa, tun da itace da gawayi suka yi tsada. Ana ganin ta ɗaure a bayan babur a hanyar Sandamu da Zango da Mai'adua, ana kuma ganin ta a teburin masu shayi. Sai dai akwai tambayar da mai tukunya ba ya iya amsawa da kallo kawai: a yanzu buɗe take ko rufe? Makunnin da ake murɗawa a kanta zagayayye ne, kamanninsa ɗaya ko an buɗe ko an rufe ko an bar shi a tsakani.

Waɗanda suka fi kowa ɗaukar wannan tambaya da muhimmanci su ne masu nutso a ƙarƙashin teku, waɗanda ke goya tukunyar iska a baya suna shaƙa ta bututu. Daura ba ta da teku, amma darasin nasu ya shafi kowane madafi. Iskar da ke cikin tukunyarsu a matse take sosai, ƙarfinta ya kusan ninka na tayar mota sau 100. Idan makunnin a rufe yake ruf, mai nutso zai gane da wuri, domin da ya ja numfashi kaɗan iskar za ta yanke. Haɗarin yana wurin buɗewar da ba ta cika ba. A bakin ruwa numfashi zai zo lafiya lau. Amma a zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, kuma kowane numfashi yana cin iska gwargwadon haka. 'Yar ƙofar da ta wadatar a sama sai ta gaza a ƙasa, a wurin da hannu ke wahalar kaiwa ga makunnin da ke bayan wuya.

Wata tsohuwar al'ada ta ƙara dagula lamarin. An daɗe ana koya wa masu nutso su buɗe makunni har ƙarshe, sannan su mayar da shi baya kaɗan don kada ya cije. Sai wani mai son taimako ya zo ya taɓa, ya rikita hagu da dama, ya rufe tukunyar gaba ɗaya yana zaton buɗewa yake yi, sannan ya mayar kaɗan kamar yadda aka saba. Ya bar ɗan'uwansa ke nan da 'yar buɗewar nan mai yaudara. Saboda haka masu koyarwa da yawa suka daina wannan al'ada, aka kuma ƙera makunni mai launi: idan a rufe yake zobe ja ne ke bayyana, idan ya buɗe har ƙarshe sai kore ya rufe jan. Abokin tafiya na iya gani daga nesa, kuma in ja na leƙowa ko kaɗan, aiki bai kammala ba.

A ɗakin girki al'amarin a juye yake. Mai nutso rufewa yake tsoro, uwargida kuwa buɗewar da aka manta da ita. Amma tushen kuskuren ɗaya ne: hannu fiye da ɗaya na taɓa tukunya. Uwargida ta rufe, yarinya ta zo ta murɗa tana zaton rufewa take yi, maigida ya dawo da dare ya sake murɗawa. Ƙa'idar ba ta canzawa: murɗawa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, rufewa ce, hagu buɗewa. A rufe har ya tsaya, ba tare da an sa ƙarfi ko filaya ba, domin matsi fiye da kima shi ke cinye abin da ke toshe ƙofar.

Wasu alamun na ido tuni suna nan, ba a dai kula da su ne. Regiletar da ake dannawa a kan tukunya mai kilo 12.5 tana da ɗan maɓalli, kuma da yawa daga cikinsu suna nuna hoton harshen wuta idan a buɗe suke. Kada a ɗauki launi a makance, domin jan da ke nufin rufewa wurin mai nutso kan iya nufin buɗewa a wata regileta. Ya kamata mai saye ya sa mai shago ya nuna masa kafin ya biya. A wuraren ɗura gas kuma akwai makunni mai doguwar mariƙa: idan ta bi tsawon bututu a buɗe yake, idan ta gicciye shi a rufe. Ƙananan tukwane masu kilo 3 da 6, waɗanda ake ɗaura murhu a kansu kai tsaye, su ne ba su da wata alama, kuma su ne suka fi yawa a ɗakunan samari da ɗalibai.

Masu walda da ma'aikatan asibiti da ke aiki da tukunyar oksijin suna da nasu ƙarin: a buɗe a hankali, kuma mai ko giris kada ya kusanci kan tukunyar, domin oksijin mai matsi kan sa su kama da wuta.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa, inda yara ke barci a kan tabarma, kuma a lokacin hunturu, da ake toshe tagogi saboda sanyi da ƙura, ba shi da mafita. Warin da ake ji da gangan aka zuba masa don hanci ya gane. Shi ya sa bayan girkin dare ya fi kyau a fara rufewa daga tukunya, a bar wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sannan a rufe murhu. Mutuwar wutar ita ce shaidar da ido ke nema. Idan ta ci gaba da ci, makunnin ba ya rufewa, sai a fitar da tukunyar waje. In kuwa an shiga ɗaki aka ji warin, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki ko a ƙyasta ashana, a kuma nemi inda ke yoyo da kumfar sabulu.