Kwaruru: kada irinsa ya ɓace mana

Manoma maza da mata, duk mun san kwaruru. Yana yi a jigawar da ta gaji, yana jure ƙarancin ruwa, kuma yana ƙara wa gona ƙarfi kamar wake. Amma mun raina shi, muna cewa noman mata ne. Shekarar fari kuwa, idan hatsi ya ƙi, sau da yawa shi ke cika tukunya.

Abin tsoro shi ne ɓacewar iri. Akwai fari, akwai ja, akwai baƙi da mai zane. In yunwa ta sa aka dafa na shuka, ko ƙwari suka cinye shi cikin rumbu, wannan iri ya bar garin ke nan.

Shi ya sa masu bincike ke tattara shi. Cibiyar IITA ta Ibadan, a Nijeriya, tana adana samfuri kusan 2000 cikin ɗaki mai sanyi. Nan Maraɗi kuma, masu binciken INRAN sun gwada buhun PICS mai ninki ukku. Sun ga ƙwari ba su ɓata kwarurun da ke ciki ba, kuma ya tsira da aka shuka shi. Sai dai a shanya shi ya bushe sarai tukuna, a ɗaure kowane ninki tam don kada iska ta shiga.