Me Ke Sa Ɗan Adam Yin Waƙa Da Zane?

Sha'awar yin waƙa da zane da ado ta girmi rubutu nesa ba kusa ba. A kogon Lascaux da ke Faransa, wanda aka gano a 1940, akwai zanen dawakai da bijimai da ya kai kimanin shekara 17,000. A Dabous, cikin yankin Agadas, mutanen dauri sun sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, kamar yadda aka zana shanu a duwatsun Birnin Kudu. Neman abinci bai hana waɗannan mutane wannan aiki ba, domin buƙata ce mai tushe a zuciya.

Babban dalili shi ne sauke nauyin da ke cin rai. Akwai damuwar da baki ba ya iya furtawa kai tsaye, ko don kunya ko don tsananinta. Matar da kawaici ya hana ta yi wa miji ko kishiya ƙorafi takan zuba shi cikin waƙar niƙa ko ta daka, ta samu sauƙi ba tare da an yi rigima ba. Nana Asma'u ma ta rubuta marsiyya bayan rasuwar ɗan'uwanta Muhammadu Bello a 1837. Tsara baƙin ciki cikin baiti yana sa mai shi ya iya fuskantarsa.

Dalili na biyu shi ne son a taya mutum jin abin da yake ji. Da jiragen yaƙi suka ragargaza garin Guernica na Sifen a 1937, Pablo Picasso ya zana bala'in a wani ƙaton allo, har waɗanda ba su taɓa zuwa garin ba suka ji zafin abin. Kiɗan gayya kuwa yakan haɗa zukatan manoma, gajiya ta ragu.

Akwai kuma gudun mantuwa. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa sun sa ana ambaton Sarkin Gobir na Isa har yau, su ma suna raye bayan mai su.

Sai kuma son kyau da nuna gwaninta. Aska takwas ba ta ƙara wa riga ƙarko, zanen ƙwarya ba ya ƙara wa fura daɗi, amma maɗinki da mai sassaƙa sukan ɓata kwanaki a kansu. Mai sana'a yana samun gamsuwa idan hannunsa ya fitar da abin da ya hango a zuci, mai kallo kuma yana samun nasa rabon.