Yadda Ake Gane Tsohon Mutum-mutumin Ƙarfen Zubi daga Jabu

Ƙarfen zubi shi ne baƙin ƙarfen da ake narkarwa a kwarara cikin gurbin da aka fitar a yashi, irin wanda aka yi tsohon dutsen guga na gawayi da shi. Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajejen shekarun 1940, masana'antun Amurka sun zuba ƙananan mutum-mutumi masu ɗimbin yawa da wannan ƙarfe: karnuka da kwandunan furanni na tokare ƙofa, dawaki da motocin wasan yara, da asusu masu motsi. Kamfanin J. & E. Stevens na garin Cromwell a jihar Connecticut, wanda aka kafa a 1843, ya shahara da asusu. Hubley kuwa, da aka buɗe a Lancaster ta jihar Pennsylvania a 1894, karnukansa na bakin ƙofa ne suka yi suna. Akwai wani asusu na kamfanin Shepard da ke Buffalo, mai siffar Uncle Sam, dattijon da ke wakiltar Amurka a zane-zane, wanda aka yi wa rajista a 1886: a ɗora masa kwabo a tafin hannu, a danna maɓalli, sai ya jefa kwabon cikin jaka gemunsa na motsi. Yau irin waɗannan kaya tsada suke yi a gwanjo, shi ya sa kwaikwayonsu ya cika kasuwa, yawanci daga Taiwan da Sin da Indiya.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar alminiyum ya riga ya ga asirin aikin. Maƙeri zai danna samfur cikin yashi mai danshi, ya zare shi, ya bar gurbinsa, sannan ya kwarara narkakken ƙarfe. Masana'antun da can suna da samfurinsu na asali, galibi na tagulla, wanda gwani ya sassaƙa. Mai jabu ba shi da wannan. Tsohon mutum-mutumin yake samowa ya kwance shi, ya danna ɓangarorinsa cikin yashi a madadin samfur. Daga nan kusan duk aibin jabu yake fitowa.

Na farko shi ne girma. Ƙarfen zubi yana tsukewa idan ya huce, da kimanin kashi 1 cikin 100. Abin da aka zuba daga na asali dole ya fito ƙarami: kare mai tsawon santimita 20 zai rasa kamar milimita 2, in kuma an sake zuba wani daga jabun, ragin ya ƙaru. Saboda haka masu tara asusu sukan ɗora na gaske a kan takarda su zagaye gindinsa da fensir su adana. Duk wanda aka kawo musu sai su ɗora shi kan zanen. In gindin bai cika layin ba, magana ta ƙare. Wannan gwaji ya fi sauran ƙarfi, domin ana iya tsufar da fenti, amma ba a iya hana ƙarfe tsukewa.

Tare da girma, kyan zane ma yana zubewa. A kan karen Hubley na gaske ana ganin layukan gashi, da tattarar goshi, da ramin hanci a fili. A kan kwaikwayo sai su dushe, kamar sabulun da aka fara wanka da shi, haruffan da ke gindi su cushe har wani harafin ya shige cikin wani. Yashin da aka yi amfani da shi ma yana barin shaida. Tsofaffin masana'antu da yashi mai laushi ƙwarai suke aiki, don haka jikin ƙarfen yakan fito sumul idan aka shafa. Na zamani kaushi gare shi, da ƙananan ramuka da ƙuraje, musamman a ciki da ƙarƙashi inda ba a damu da gyarawa ba.

Yawancin waɗannan siffofi gida biyu ake zuba su a haɗe da sukuru, kuma mahaɗar tana tona asiri. A da, ma'aikaci ne ke bin gefen kowane ɓari da magagari har su zauna daram, da kyar farce zai shiga tsakani. Jabu kuwa bakinsa a buɗe yake, wani wurin har haske na ratsawa, ko kuma a cike giɓin da wani abu a shafe da fenti. Sawun magagarin hannu siriri ne, ba ya bin hanya ɗaya. Injin gurza na lantarki yana barin faffaɗan tabo mai layuka a jere. Shi ma sukurun abin dubawa ne. Mai kan gicciye, wanda ake kira Phillips, sai a shekarun 1930 ya shigo, don haka ba shi da wuri a jikin asusun 1886. Sai dai a nan akwai buƙatar adalci: mai kaya zai iya sauya sukurun da ya ɓace da sabo, mai jabu kuma zai iya ɗaura mai tsaga ɗaya irin na da. Sukuru kaɗai ba ya yanke hukunci.

Fenti shi ne wurin da mayaudara suka fi ɓata lokaci. Tsohon fenti mai kauri ne, ya bushe ya yi tauri, ya tsattsage da ƙananan layuka, kuma inda hannu ke yawan taɓawa ya fi goguwa: kan kare, hancinsa, maɓallin asusu, gefen gindi da ke gogar ƙasa. Idan aka ga goguwa a lungun da yatsa ba ya kaiwa, ko kuma ta bazu daidai wa daida ko'ina, to takardar yashi ce ta yi aikin. Wasu kan binne sabon ƙarfe a ƙasa mai laima ko su jiƙa shi da ruwan gishiri don ya yi tsatsa. Tsatsar shekaru baƙi-baƙi ce, ta kama jikin ƙarfen. Ta kwana kaɗan ja ce jawur, tana kuma bin yatsa kamar garin bulo. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardar kuɗi da ita takan nuna inda aka yi ciko da sabon fenti. Abin kula kuma shi ne tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda Amurka ba ta hana sa ta a fentin gida da kayan wasa ba sai a 1978, saboda haka irin wannan kaya ba na ba yaro ya yi wasa ba ne.

Ba kowane kwaikwayo ne aka yi da niyyar cuta ba. A shekarun 1950 an zuba wasu asusu a Amurka da sunan Book of Knowledge, aka rubuta hakan ɓaro-ɓaro a gindinsu, kuma kamfanin John Wright ya ci gaba da zuba wasu siffofin Hubley bayan ainihin kamfanin ya daina. Matsala tana zuwa ne idan wani ya gurje rubutun, ko ya ɓare takardar ƙasar da aka yi kayan, ya sayar a matsayin tsoho. Shi ya sa ake juya kowane mutum-mutumi a dubi gindinsa da kyau. Fili mai santsi fiye da kewayensa, daidai inda ya kamata a ga suna ko lamba, alama ce cewa an kankare wani abu a wurin.