Murɗaɗɗiyar Ƙafar Jariri: Aikin Likita da Aikin Iyaye



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wata tawaya da ake haihuwar yara da ita, watau murɗewar ƙafa, da kuma yadda ake gyara ta da ɗaurin siminti da takalmi mai sanda. Galibi idan aka tashi wannan zance, likita da gwanintarsa ake dubawa. Ni kuwa so nake in jawo hankalinku wajen iyaye, domin babban aikin likita a wannan jinya bai cika wuce wata 2 zuwa 3 ba, amma na iyaye yakan kai shekara 4 ko 5. Duk wanda ya gane wannan bambanci, ya gane abin da ke sa ƙafar wani yaro ta warke sarai, ta wani kuma ta koma yadda take, alhali kuwa asibiti ɗaya aka kai su.

Mece ce murɗaɗɗiyar ƙafa?

Jaririn da aka haifa da wannan tawaya, za a ga tafin ƙafarsa ya juya ciki, yatsun sun karkata ciki da ƙasa, dunduniya kuma ta ɗage sama saboda agara ta yi gajarta. Ƙasusuwan ƙafar duk suna nan, sai dai jijiyoyin da ke ta ciki da ta baya sun ɗaure, sun janye ƙasusuwan daga mazauninsu. Jaririn ba ya jin zafin kome a lokacin. Wahala takan fara ne sa'ad da ya soma tafiya, domin a kan gefen ƙafa zai taka, ko ma a kan bayanta. Wurin sai ya yi kanta, wani lokaci ya yi miki, takalmi kuma ba ya shiga. Daga nan zuwa makaranta ya zama aiki, noma ya gagara, da yawa kuma su ƙare a bara.

Kimanin jariri 1 cikin kowane 1,000 ake haifa da ita, watau yara 150,000 zuwa 200,000 ke nan a duniya kowace shekara, kuma wajen kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu tasowa suke. Maza sun ninka mata yawa, kimanin rabin yaran kuma ƙafa biyun ne abin yake shafa. Gado yana da hannu a ciki, an kuma gano cewa shan taba a lokacin goyon ciki yana ƙara haɗarin. Ba shan inna ba ce, domin ita shan inna ƙwayar cuta ce ke kama yaro bayan an haife shi. Ba kuma laifin uwa ba ne. Na faɗi wannan ne domin nauyi na farko da uwa takan ɗauka shi ne zargi: a ce ta fita da almuru, ko ta tsallake wani abu, ko daga danginta abin ya fito. Irin wannan magana takan sa a lulluɓe ƙafar yaro ranar suna, a yi ta jinkirin zuwa asibiti.

Yadda aka samo hanyar gyara

Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, likitan nan na Girka, Hippocrates, ya yi bayanin wannan tawaya, ya ba da shawarar a riƙa miƙe ƙafar a hankali ana naɗe ta da ƙyalle. Amma a ƙarni na 20 tiyata ce ta fi rinjaye. A kan tsaga ƙafar, a yanke jijiyoyi da yawa, a jera ƙasusuwan. Ƙafar takan yi kyan gani da fari, sa'an nan bayan shekaru ta ƙage, ta yi rauni, ta riƙa ciwo.

Wanda ya sauya wannan al'amari shi ne Dokta Ignacio Ponseti. An haife shi a 1914 a tsibirin Menorca na ƙasar Spain. Ya yi aikin likita a yaƙin basasar ƙasarsu, wanda aka yi daga 1936 zuwa 1939, daga nan ya yi gudun hijira zuwa Faransa da Meziko, ya isa Jami'ar Iowa ta Amurka a 1941. A can ya duba manyan da aka yi wa tiyata tun suna yara, bai ji daɗin abin da ya gani ba. Sai ya duƙufa wajen nazarin yadda ƙasusuwan ƙafar jariri ke motsi, har ya gane cewa jijiyoyin jariri suna miƙewa idan aka bi su sannu a hankali bisa tsari. Abin da Hausawa ke cewa ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya wallafa sakamakon aikinsa a 1963, amma likitoci kaɗan ne suka kula. Sai a 1995 aka buga binciken mutanen da aka yi wa wannan magani shekara 30 da suka wuce, aka tarar yawancinsu suna tafiya lafiya, a 1996 kuma littafinsa ya fito.

A nan akwai abin lura. Waɗanda suka fi yaɗa wannan hanya a ƙarshen shekarun 1990 iyaye ne. Su ne suka riƙa ba juna labari ta intanet, suka ƙi yarda a yi wa jariransu tiyata, suka yi ta tafiya Iowa daga nesa, har likitoci suka ga tilas su koya. Ponseti ya rasu a 2009 yana da shekara 95, kuma ranar haihuwarsa, 3 ga Yuni, ita aka keɓe domin tunawa da wannan tawaya a duniya.

A Afirka, Uganda ce ta yi fice wajen karɓar hanyar. Daga 1999 Dokta Shafique Pirani da Dokta Norgrove Penny suka shiga koya wa jami'an kiwon lafiya waɗanda ba likitoci ba yadda ake ɗaurin. A can ne kuma wani ɗan Holan, Michiel Steenbeek, ya tsara takalmin da masu sana'a za su iya yi da fata da ƙarfen gida a kan kuɗi ƙasa da dala 10. Yau ana yin wannan magani a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010, da wasu asibitoci da dama.

Makonnin siminti

An fi so a fara a makonnin farko na haihuwa. Ma'aikaci zai riƙe ƙafar, ya juya ta waje kaɗan ba tare da ƙarfi ba, sa'an nan ya ɗaure ta da siminti tun daga yatsu har cinya, gwiwa a lanƙwashe don kada ɗaurin ya zame. Bayan mako guda a cire, a ƙara juya ta, a sake ɗaurewa. Yawanci sau 5 zuwa 7 ake yi. Abin da kan rage a ƙarshe shi ne gajartar agara, saboda haka yara 8 ko 9 cikin 10 sai an yanke musu ita ta wata 'yar ƙaramar kafa, bayan an sa maganin kashe zafi. Aikin 'yan mintoci ne. Sai a yi ɗauri na ƙarshe na mako 3, a cikinsa agarar ke haɗewa da tsawon da ya dace. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙafafun da aka bi da su haka suna miƙewa.

Wannan shi ne bayanin likita. A wajen iyaye kuwa abin ya fi haka nauyi. Uwa tana cikin jego, ba ta ko yi arba'in ba, ga shi kowane mako sai ta hau mota da jariri. Daren farko na kowane sabon ɗauri yaro yakan yi rigima. Ba a son ruwa ya taɓa simintin, don haka wankan jariri da muka saba sai a koma shafa shi da tsumma, kakanni kuwa ba kasafai suke yarda da wannan cikin sauƙi ba. Wajibi ne kuma uwa ta riƙa duba yatsun kullum. In sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko launinsu ya sake, ko sun shige cikin ɗaurin, ko wari ya tashi, to, a koma asibiti nan take, ba a jira ranar da aka ba su. Ranar da aka ambaci yanke agara kuma, iyaye da yawa kan tsorata, wasu ma daga nan ba a sake ganinsu. Da an yi musu bayani tun ranar farko, da tsoron ya ragu. Duk da haka, a wannan mataki akwai abin da ke ƙarfafa zuciya, domin kowane mako ido yana ganin ƙafar tana daidaituwa.

Shekarun takalmi

Ranar da aka cire ɗauri na ƙarshe ranar murna ce, amma ita ce kuma mafi haɗari, domin iyaye sukan ɗauka an gama. Abin da ya murɗe ƙafar tun a ciki yana nan yana aiki har yaro ya kai wajen shekara 4, kuma in aka sake ta, komawa za ta yi. Shi ya sa a ranar ake sa wa yaro takalma biyu da sanda ta haɗa su, tsawonta kamar faɗin kafaɗunsa. Ƙafar da aka gyara ana juya ta waje digiri 60 zuwa 70, mai lafiya kuwa 30 zuwa 40. Wata 3 na farko yaro yana cikinsa awa 23 a kowace rana. Bayan haka sai da dare da lokacin barcin rana, har ya kai shekara 4 ko 5. Likitocin Iowa sun ba da rahoton cewa a gidajen da aka daina sa takalmin, fiye da yara 80 cikin 100 ƙafarsu ta sake murɗewa, a gidajen da aka dage kuwa kimanin 6 ne kacal.

Me ke sa iyaye su daina? Kwanakin farko yaro yakan yi kuka ƙwarai, domin ya saba shure-shure da ƙafa ɗaya ɗaya, ga shi yanzu an haɗa su. Uwa ta ji tausayi ta cire, yaro ya yi shiru, gobe ma haka, har ya gane cewa kuka ke kuɓutar da shi. Iyayen da suka wuce wannan mataki sukan ce maganinsa shi ne a riƙe sandar a riƙa wasa da ita, har ya koyi motsa ƙafafun tare, cikin 'yan kwanaki sai ya saba. Akwai kuma dunduniya da kan zame ta goge fata, saboda haka sai a sa safa, a ɗaure igiya sosai, a riƙa dubawa. Goyo ma yakan yi wuya, domin sandar tana hana yaro buɗe ƙafafu a bayan uwa, ita kuwa da goyo take daka da girki. Ga maganar maƙwabta, masu cewa an sa wa jariri mari alhali ƙafarsa lafiya lau. Yaro ya kai shekara 2, ya iya kwance igiya da kansa, wataƙila uwa ta sami wani ciki, takalmi ya yi masa kaɗan, asibiti kuma da nisa. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan iyaye a Uganda ya nuna cewa talauci, da kuɗin mota, da yawan aikin gida, da rashin goyon bayan uba, suna cikin manyan abubuwan da ke katse jinyar.

In ƙafa ta fara komawa, ba a yanke ƙauna. A kan sake ɗauri 2 ko 3 a koma takalmi, yaron da ya ɗan tasa kuma a kan yi masa ƙaramin aiki na sauya wa wata jijiya mazauni. Haka nan yaron da ya riga ya fara tafiya ba a taɓa yi masa magani ba, shi ma hanyar tana yi masa amfani, sai dai ɗaurin ya fi yawa. Ƙafar da aka gyara takan ɗan fi 'yar'uwarta ƙanƙanta, sha-raɓa ma ta fi siranta, amma yaro zai yi gudu, ya buga ƙwallo, ya sa takalmi kamar kowa. Kristi Yamaguchi ta Amurka da murɗaɗɗun ƙafafu aka haife ta, ta kuwa ci lambar zinariya a wasan zamiya kan ƙanƙara na Olamfik a 1992.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Jama'a, tun da yake a gida ake cin nasarar wannan jinya ko a faɗi, kowa a wannan zaure yana da abin yi. Uba shi ne farko. In ya raka matarsa asibiti ko da sau ɗaya, ya ji bayani da kunnensa, shi ne zai iya tsayawa gaban mahaifiyarsa da ladabi ranar da ta ce a cire wa jikanta wannan ƙarfe. Shugaban ofis da ma'aikacinsa ya nemi izinin yini ɗaya a mako har mako 7, ya sani ƙafar yaro ce ake roƙo a wurinsa. Jami'an ma'aikatar lafiya su tabbatar ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci sun san wannan tawaya da inda za su tura ta, su kuma lura cewa sayen siminti ba tare da tanadin takalma na shekara 4 ba rabin aiki ne. Ƙasar da ke da dukawa da masu walda irin tamu ba ta da hujjar jiran takalmi daga waje. Ku kuma ɗalibai, musamman masu karatun likita da jinya, ku koyi yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, ku gaya musu dukan tsawon tafiyar tun ranar farko, ku haɗa sababbin iyaye da waɗanda suka riga su, domin uwa ta fi gaskata 'yar'uwarta da ta ga yaronta yana gudu. In kun koma garuruwanku hutu kuka ga jariri da irin wannan ƙafa, ku gaya wa iyayensa cewa tana gyaruwa, ku faɗa musu inda za su, ku kuma faɗa musu gaskiyar shekarun da za su yi suna ɗaura takalmi.