Zauren 'Yan Firimason na Landan Ba Kogon Tsafi Ba Ne

Da an ambaci 'yan Firimason, abin da ke zuwa zuciyar yawancin mutanenmu shi ne wani ɓoyayyen gida mai duhu, wanda babu komai a cikinsa sai tsafi. Masu wannan tunani suna da dalilinsu. Ƙungiyar tana rufe ƙofa idan za ta rantsar da sabon shiga, kuma malaman Musulunci da dama, haka ma Cocin Katolika, sun hana mabiyansu shiga cikinta. Ba na ja da wannan hani. Inda nake da magana shi ne hukuncin da ake yanke wa gininsu alhali ba a san shi ba.

Hedikwatarsu ta Ingila tana kan titin Great Queen a tsakiyar Landan, a bainar jama'a. An gina ta daga 1927 zuwa 1933 bisa zanen masu tsara gine-gine Ashley da Newman, da kuɗin da 'yan ƙungiyar suka yi karo-karo. Dalilin ginin kuwa makoki ne: sun rasa 'yan'uwansu fiye da 3,000 a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sunayen mamatan suna nan rubuce a doguwar takarda, cikin akwatin tagulla, ƙarƙashin taga mai gilashi launi-launi. Ƙofar babban ɗakin taron ita ma ta tagulla ce, kowane ɓangarenta ya haura tan ɗaya, an zana mata tarihin gina haikalin Annabi Sulaiman. Ɗakin na ɗaukar mutum kusan 1,700, an yi wa gefen rufinsa ado da ƙananan duwatsu masu launi, ɗaya bayan ɗaya.

Gani ya kori ji. Akwai gidan adana kayan tarihi a ciki, kowa na shiga kyauta. Masu shirya finafinai ma suna hayar wurin. Hukuma ta sanya shi cikin gine-ginen da doka ta hana a rusa ko a sauya musu fasali barkatai.

Mutum na iya ƙin aƙidar masu gida iya ƙi, amma ya faɗi gaskiya a kan gidan. Magina da maƙeran da suka yi shekara shida suna wannan aiki sun cancanci a san abin da hannunsu ya yi. Kuma wanda zai gargaɗi jama'a game da wata ƙungiya, maganarsa ta fi karɓuwa idan ya tsaya a kan abin da ya tabbata, ya bar jita-jita.