Benen ajiya na ƙarfe a cikin ɗakin aiki

Ƴan uwa manoma da masu sana'a, sau da yawa ɗakin aiki yakan yi mana kaɗan. Galma, garmar shanu, injin niƙa da buhunan iri duk suna ƙasa wuri ɗaya. Idan damana ta sauka, danshi yana taso wa buhuna daga ƙasa. Gara da ɓeraye su ma suna samun hanya. Gujiya ko masarar da ta sha danshi tana yin fumfuna, kuma wannan fumfuna tana fitar da guba mai lalata hanta. Maganin wannan shi ne a ɗaga kaya sama, bisa bene na ƙarfe. Gara ba ta cin ƙarfe.

A fara da lissafin nauyi

Kafin a sayi ƙarfe, a san nauyin da benen zai ɗauka. Tiya 40 ta hatsi ita ce buhu ɗaya, wato kilo 100. Buhu 15 kilo 1500 ke nan. Idan bene ya rushe da irin wannan nauyi, wanda ke aiki a ƙarƙashinsa ba zai tsira ba. Saboda haka a nemi gwanin mai walda, a faɗa masa adadin buhunan tun farko.

Misali: bene mai tsawon metir 3 da faɗin metir 2, na buhu 15. Ɗakin ya kasance rufinsa ya kai metir 3 da rabi.

Yadda ake aikin

1. Ƙafafu. A yi ƙafa 6, uku a kowane gefe. A sa ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai faɗin santimetir 8 da kaurin milimetir 4. Ana sayar da sandarsa da tsawon metir 6. Sanda ɗaya tana ba da ƙafa 3 masu metir 2, don haka sanda 2 sun isa.

2. Gindi. A haƙa rami mai zurfin santimetir 50 a wurin kowace ƙafa, a cika shi da kankare. A bar shi kwana 7 ana yayyafa masa ruwa. Sannan a kafa ƙafar bisa farantin ƙarfe da aka ɗaure a kankaren. Kada a ɗora nauyin bene bisa bangon laka.

3. Giciye. Bisa kowace ƙafa biyu masu fuskantar juna a ɗora babban ƙarfe mai siffar harafin I, mai tsayin santimetir 10. A kansu a jera ƙananan ƙarafa, tsakaninsu santimetir 50.

4. Tokara. A haɗa ƙafafu da ƙarfe a karkace, daga saman wannan zuwa gindin waccan. In babu tokara, bene yana iya karkata gefe ya faɗi, ko da ƙafafunsa na da ƙarfi.

5. Daɓe. A goge tsatsa, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, sannan a shimfiɗa katako mai kaurin santimetir 3.

6. Kariya. A yi shinge mai tsayin metir 1 a bakin bene. A ɗaure tsani da kyau don kada ya zame.

Kiyaye lafiya

Ranar walda a fitar da man fetur, kara da haki daga ɗakin, a ajiye bokitin yashi kusa. Hasken walda yana ƙona ido, don haka a kori yara, mai aiki kuma ya sa gilashinsa.

Kada mutum ya hau tsani da buhu mai kilo 100. A raba shi biyu, mutum ɗaya ya miƙa, wani ya karɓa. Kada buhu ya taɓa bango ko kwanon rufi, domin zafin kwano lokacin bazara yana raunana iri. Kada a ajiye maganin ƙwari ko takin zamani tare da abinci.

A ƙarshe, a rubuta da fenti a jikin ƙarfe: "Buhu 15 kawai". Mun koyi karatu da rubutu, ga wurin amfaninsu. Kowace shekara kafin kaka a duba wuraren walda. In an ga tsagewa ko ƙarfe ya lanƙwashe, a sauke kaya nan take, a kira mai walda. Rigakafi ya fi magani.