Abin Da Ke Sa Tsohuwar Manhaja Ta Ƙi Tashi Bayan An Sabunta Kwamfuta

Mafi yawan manhajojin kwamfuta ba sa ɗauke da duk kayan aikinsu. Abin da ya shafi ɓoye saƙo, zana hoto a allo ko matse fayil, aronsa suke yi daga wasu fayiloli da babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ta tanadar wa kowa. Su ake kira laburaren haɗaka. A Windows sunansu kan ƙare da .dll, a Linux kuwa da .so, sannan lamba ta biyo baya.

Lambar nan alkawari ce. Muddin ba ta canza ba, manhajar da aka gina a kan laburaren za ta same shi yadda ta san shi. Ranar da masu shi suka sauya yadda ake kiransa, sai su ɗaga lambar.

Haka aka yi a watan Afrilun 2022, da Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, ta fito ɗauke da OpenSSL 3.0, laburaren da ke tsare sirrin sadarwa a intanet. Manhajojin da aka gina tun da farko suka shiga neman libssl.so.1.1, alhali libssl.so.3 kaɗai ke nan. Ko buɗewa ba sa yi, sai saƙo layi ɗaya cewa ba a ga fayil ba. Umarnin ldd kan jero duk abin da manhaja ke nema, ya nuna wanda ya ɓace.

Dabarar da ta fi jan masu gaggawa ita ce laƙa wa sabon fayil sunan tsohon. Wannan tamkar cusa wa kwaɗo makullin wani ne: galibi manhajar takan ƙi tashi, wani lokaci kuma ta tashi ta faɗi ana tsakiyar aiki, wanda ya fi muni.

Hanya mafi tsafta ita ce samun sabon bugun manhajar, ko a sake gina ta idan rubutunta na asali yana hannu. Idan masu ita sun daina kula da ita, ana iya ajiye tsohon laburaren a wani kundi na daban, a nuna mata shi ita kaɗai ta hanyar LD_LIBRARY_PATH. Sai dai da sauran rina a kaba, domin tun Satumbar 2023 aka daina fitar wa jama'a gyaran tsaro na OpenSSL 1.1.1, don haka manhajar da ke hulɗa da intanet tana cikin haɗari. Shi ya sa ake killace irinta a cikin Docker, ko a girka tsohon tsarin ɗungurungum cikin VirtualBox.

Windows ta bi wata hanyar. Tun zamanin XP take tara bugu daban-daban na laburare ɗaya a kundin WinSxS, kowace manhaja ta ɗauki nata. Apple kuwa ba ta yi sassauci ba: da macOS Catalina ta fito a 2019, manhajoji masu bit 32 suka daina aiki kwata-kwata, mai buƙatarsu sai dai ya riƙe tsohon tsarin.